Littattafan ban tsoro: Ba girman aljani ke hana mai karatu barci ba

Idan dare ya fara nisa a Birniwa, masu shayi sun kife kofuna, gari ya yi tsit, sai wata hira ta daban ta buɗe a cikin gidajen sauro. A da kaka ce ke zama a tsakiya jikoki su kewaye ta. Yanzu waya ce. Budurwa da matar aure da ɗan sakandare, kowa ya ƙura wa hasken wayarsa ido yana bin labarin da aka turo a zauren WhatsApp, ko wanda ya samo a Wattpad da ArewaBooks. Wanda karatu ke ba wuya kuma ya saƙala abin ji a kunne, ana karanta masa a YouTube.

Labaran soyayya ne suka fi yawa, wannan babu musu. Amma akwai masu karatun da ba su da abin so kamar labarin da zai sa tsikar jikinsu ta tashi, kuma marubuta sun gane haka. Shi ya sa kasuwar ta cika da aljanu masu kai bakwai, da matsafa masu shan jini a ƙoƙon kan mutum, da fatalwa mai farin mayafi da ke yawo a makarantar kwana.

Abin mamaki, yawancin waɗannan labarai ba sa ba da tsoro. Mutum zai karanta shafi hamsin ana fille kawuna, ya yi hamma, ya juya ya yi barcinsa har da minshari. Sai kuma ga wani tsohon littafi da aka karanta a sakandare, wanda ba a ma lissafa shi cikin na ban tsoro, amma bayan shekara talatin mutum ya tuna wani wuri a cikinsa gabansa ya faɗi.

Hausawa na cewa tsoro na daji, kunya na gida. Littattafan da suka fi firgita masu karatu su ne waɗanda suka ƙi bin wannan karin magana, suka ɗauko tsoron daga daji suka ajiye shi a tsakar gida, kusa da randa.

Dodo ya san hanyar gida

Tatsuniya ta riga kowa gano wannan sirri. Duk wanda ya duba tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara ya buga cikin kundi uku tsakanin 1911 da 1913, ko jerin Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya da aka daɗe ana karantawa a firamare, zai lura cewa tatsuniya ba ta ɓata lokaci wajen ƙirga haƙoran Dodo. An ce Dodo, shi ke nan, kowane yaro ya ƙera nasa a zuci, kuma wanda ya ƙera wa kansa ya fi duk wanda za a zana masa muni.

Akwai ta yarinyar nan da ta rantse ba za ta auri mai tabo ko ɗaya a jiki ba. Samarin gari suka zo ta kore su, sai ga baƙo kyakkyawa, jiki sumul, ta ce shi take so. Sai da aka ɗaura aure, aka kama hanya, gari ya ɓace a baya, sannan ango ya fara komawa ainihin siffarsa. Wurin da yara ke ƙanƙame juna ba wurin da aka ga Dodo ba ne. Wurin da ta waiwaya ta ga babu kowa nata ne, kuma wanda ke gabanta mijinta ne, ita ta zaɓe shi da bakinta.

Akwai kuma ta mai cikin da abokiyar tafiyarta ta bari a bakin rafi, ta rasa mai ɗora mata tulu. Dodo ya fito daga ruwa ya ɗora mata, da sharaɗin in ta haifi mace matarsa ce. Ta amsa don ta samu ta tafi, ta manta. Shi bai manta ba. Shekaru suka wuce, ranar bikin yarinya sai ga mai bin bashi a ƙofar gida. Duk uwar da ta taɓa yin alƙawari cikin matsi ta san inda wannan tatsuniya ke suka.

Biyar ɗin farko

A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da littattafai biyar da har yau ake tinƙaho da su: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. In aljanu ne ma'aunin tsoro, da Ganɗoki na Bello Kagara ya lashe, don jarumin nasa har ƙasashen aljanu ya shiga da takobi. Ruwan Bagaja na ƙanensa Abubakar Imam ma yana da nasa aljanun. Amma wa ya taɓa kasa barci saboda su? Ganɗoki kirari ne da bugun ƙirji, Ruwan Bagaja kuwa dariyar Alhaji Imam da Malam Zurƙe ce ke zama a ka. Mai karatu ya san jarumi zai dawo gida, tun da ga shi nan zaune shi ke ba da labarin.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ba shi da aljani ko ɗaya. Uwa ce ta bar ƙaramin ɗanta a hannun amana ta yi 'yar tafiya, ta dawo ta tarar an sace shi. Ta bazama nema, ita ma aka yaudare ta aka sayar da ita baiwa, aka tsallaka Sahara da ita. Ba ta sake ganin ɗan ba sai ƙarfinta ya ƙare, ganin kuma bai daɗe ba ta cika. Ɗalibi kan karanta wannan don cin jarrabawa. Sai ya girma ya haifi nasa, ya aiki yaro sayen sukari ya ga ya daɗe bai dawo ba, sannan littafin ke dawo masa. A Oktoban 2019, lokacin da 'yan sanda suka gano yara tara da aka sace daga Kano aka kai Jihar Anambra, mutane da yawa sun ga cewa labarin da aka buga a 1934 bai tsufa ba.

Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East ya fi kusa da abin da yau ake kira labarin ban tsoro, don akwai daji, akwai boka, akwai asiri. Attajiri Malam Shehu ya yi amfani da dukiya ya aure Zainab, budurwar Abubakar. Abubakar ya bar gari ya sha wuya yana neman abin da zai rama da shi. Amma ramuwar ba ta sauka a kan wanda ya yi laifin kai tsaye ba, ta bi ta kan ɗansa Kyauta, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ya lalace, ya zama ɓarawo, ƙarshe ya kashe mahaifinsa ba tare da ya san shi ne ba. Dajin da Abubakar ya ratsa an manta da shi. Abin da ya zauna a zuciya shi ne uba yana kallon ɗan da ya daɗe yana roƙon Allah ya ba shi yana sauyawa a gabansa, kullum kaɗan-kaɗan, bai san dalili ba. Iyayen da ƙwaya ta ɗauke wa ɗa a yau ba sa bukatar a fassara musu wannan.

Ko da yake ba ƙagaggun labarai ba ne, kuma ba don nishaɗi aka yi su ba, ba za a yi maganar rubutun Hausa mai girgiza zuciya a tsallake waƙoƙin wa'azi ba. Tun zamanin Nana Asma'u ake rubuta waƙoƙin tsoratarwa kan tashin alƙiyama, ga Gangar Wa'azu, ga Infiraji ta Aliyu Namangi na Zariya da makafi ke rerawa a kasuwanni da tashoshin mota. Ƙarfinsu daga abu biyu yake. Mai sauraro ba ya shakkar abin da ake faɗa, sannan wanda ake ba da labarinsa ba wani jarumi ba ne, shi ne da kansa. Wa'azin Hausa kan tsaya a kan ƙananan abubuwa da kowa ya taɓa gani da idonsa: ruwan wanka, likkafani, itacen da ake jerawa, da takun masu rakiya suna juyawa gida. Marubucin da ke son ya koyi yadda ake taɓa zuciya da kalma kaɗan, ga makaranta nan.

Haka abin yake a waje

Masu karanta Turanci ma in aka tambaye su littafin da ya fi razana su, amsar takan koma gida. Stephen King na Amurka ya rubuta dodanni iri-iri, amma The Shining na 1977 labarin uba ne da aka ba gadin wani otal da ƙanƙara ta rufe wa hanya, shi da matarsa da ɗansu, sai ya zama shi ne abin gudu. Pet Sematary na 1983, wanda shi King ɗin ya ce ya tsorata shi har ya jefa shi a aljihun tebur ya ƙi bugawa da farko, labarin uba ne da ya kasa haƙurin mutuwar ɗansa, ya binne shi a inda matattu ke dawowa. Ya dawo ɗin. Amma ba shi ba ne.

A gajeren labarin The Monkey's Paw na 1902, uwa ta roƙi a dawo mata da ɗanta da inji ya markaɗe. Cikin dare aka fara ƙwanƙwasa ƙofa. Marubucin bai taɓa nuna abin da ke bayan ƙofar ba, kuma fiye da shekara ɗari ke nan ana jin wannan bugun. Hatta Dracula na 1897, mai shan jinin da fina-finai suka yayata, yana da ƙa'ida guda: ba ya shiga gida karon farko sai wani na ciki ya ce masa bismillah. Wannan ai ita ce yarinyar da ta ƙi mai tabo, an sauya mata tufafi kawai.

Inda marubutan yau ke kuskure

Adabin Kasuwar Kano, wanda ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, bai tsaya kan soyayya kaɗai ba. Masu zuwa shagon hayar littafi sun san Nazir Adam Salih da Maje El-Hajeej Hotoro da labaransu na aljanu da abubuwan al'ajabi, sun san Abdul'aziz Sani Madakin Gini da sadaukansa da bokayensa. Sun yi ƙoƙari, sun riƙe samari da karatu a lokacin da ake cewa littafin Hausa na mata ne. Matsalar tana wajen da yawa daga masu tasowa a intanet, waɗanda suka ɗauki ɓawon suka bar ƙwayar.

Labari ne da ake sakewa kashi-kashi, kowace rana sai an ba masu karatu abin da zai sa su dawo gobe, wani lokaci ma sai sun biya kuɗi a tura musu ci gaba. To marubuci sai ya ga hanya mafi sauƙi ita ce ƙari: jiya aljani ɗaya, yau bakwai, gobe sarkinsu. Jiya an yanka mutum guda, yau gari guda. Tsoro kuwa ba ya son yawa. Kamar yaji ne, in ya zarce sai harshe ya mutu. Ga kuma aron da ake yi daga fina-finan Indiya da na Amurka: gidan sama mai hawa uku da babu kowa, kyandir, madubi, agogon bango mai bugawa sha biyun dare. Yarinyar da ke karatu a Diginsa ko Kazura ba ta taɓa kwana a irin wannan gida ba. Wanda maciji ya sara shi ke gudun baƙin tsumma, ita kuwa wannan macijin bai taɓa saranta ba.

Akwai masu ganin duk wannan ɓata lokaci ne, ko ma hanyar koya wa yara zuwa wurin boka. Suna da 'yar gaskiya, musamman a labaran da boka ne kullum ke da maganin ƙarshe. Amma hani bai taɓa aiki ba. A 2007 an ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, rubutun bai mutu ba, ya koma cikin waya inda ashana ba ta kai. Kuma son jin tsoro daga nesa ɗabi'ar ɗan Adam ce. Yaron da ya ji tatsuniyar Dodo a jikin kakarsa yana gwajin fargaba ne a wurin da babu abin da zai same shi.

Sai dai tatsuniya tana da ƙofar fita. Mai ba da ita kan rufe da ƙurunƙus, har ya amsa da bakinsa cewa ƙarya ya shara, kowa ya yi dariya a watse. Yawancin labaran waya ba su da ƙurunƙus. Akasin haka ma ake yi: a saman shafi a rubuta cewa labarin gaskiya ne, ya faru a gari kaza. A nan ne wasa ke zama ba wasa ba.

Tsohuwar da ke ƙarshen layi

Da yake tsoron da ya fi kama mutum shi ne na kusa, marubuci malalaci ya samo gajeriyar hanya: mayya. Kuma kusan kullum siffarta ɗaya ce. Tsohuwa ce, talaka, mijinta ya mutu, ba ta da ɗa namiji da zai tsaya mata, idonta ja saboda hayaƙin murhu. In ba ita ba, to kishiya ce ko uwar miji. Labarin zai nuna yaro ya kwanta ciwo yana sambatu yana kiran sunanta, a taru a ce ta kama masa kurwa, a tilasta mata ta tsallaka shi, in ta ƙi a yi mata rubdugu, mai karatu kuma ya ji daɗi an yi maganin muguwa.

Bambancin wannan da aljani mai kai bakwai shi ne, babu wanda zai fita da safe ya haɗu da aljanin. Tsohuwar kuwa tana nan a ƙarshen layi tana sayar da daddawa. A yankin fadama irin na Haɗeja, inda sauro ke yawa da damina, sanƙarau kuma ke leƙowa da zafi, yaro mai zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa zai yi jijjiga, zai yi sambatu, zai kira sunan duk wanda ya saba gani. Awannin da ake ɓatawa wajen neman wadda za ta tsallaka shi su ne awannin da ya kamata a ce yana asibiti.

Ba zato ba ne. A Fabrairun 2025 Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke wa mutum biyar hukuncin kisa saboda kashe wata dattijuwa mai shekara 67 a yankin Wudil a 2023. Matar ɗaya daga cikinsu ce ba ta da lafiya, ta yi mafarkin dattijuwar na bin ta da wuƙa. Suka same ta a gonarta. Babu wanda ya ce littafi ne ya aike su, kuma wannan camfi ya girmi duk wani marubuci. Amma wanda ke da mabiya dubbai a waya, yana zana musu wannan hoton dare bayan dare da tambarin labarin gaskiya, ba zai ce ruwa bai taɓa shi ba.

Abin haushin ma shi ne, ta fuskar fasaha an bar inda tsoron yake. A wancan labari na Wudil, abin firgita ba dattijuwar ba ce. Mutanen da ta sani ne, waɗanda wataƙila ta ga haihuwar wasunsu, suna tahowa ta cikin gona ba su yi sallama ba. Marubucin da ya ba da labarin daga idonta zai hana mutane barci fiye da duk mai ƙanƙarar maita, kuma ba zai jawo a jefi kowa ba.

Kayan da ke zube a ƙofar gida

Masarautar Haɗeja, da ƙananan hukumominta takwas, cike take da abin rubutawa wanda ba sai an aro daga Mumbai ba. Ga layin dogon da ya taso daga Kano ya bi ta Malam Madori da Birniwa ya isa Nguru a 1930, da tashoshinsa da yau shirunsu ya fi kukan jirginsu yawa. Ga ganuwar Haɗeja da abin da ta gani a Afrilun 1906, ranar da sojojin Turawa suka shiga garin, Sarki Muhammadu Mai Shahada da ɗimbin jama'arsa suka kwanta dama. Ga rijiyoyi masu zurfi na ƙasar yashi a arewacin masarautar, da tsamiyar da ba a zama ƙarƙashinta da tsakar rana, da labaran 'yan ruwa da masunta ke faɗa ƙasa-ƙasa.

Ga kuma kacala. Tun bayan gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin ta sauya, wannan ciyawa ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa a wajen Guri da Kiri Kasamma har zuwa Nguru. Ta fi mutum tsayi, mai kwale-kwale in ya kutsa cikinta ba ya ganin gabas ba ya ganin yamma, sai motsin abin da bai sani ba. Cikinta tsuntsayen jan-baki ke kwana, su tashi da safe kamar hadari su sauka a gonar shinkafa. Manomin da ya ci bashi ya yi noma, ya hango wannan baƙin girgije na tahowa, ya san wani tsoro da babu shi a fim ɗin Indiya.

Sai uwa uba, ruwa. Wanda ya ga daminar 2020 da ta 2022 a wannan yanki ya san yadda ake kwana a kan jinga, matasa na cika buhuna da ƙasa cikin duhu, ana haska tocila ana duba inda ya fara tsattsafowa. Ambaliya ba ta ihu. A hankali take zuwa, ta ƙarƙashin ƙofa, ta jiƙa gindin katangar ƙasa tun mutanen ɗaki na barci. Uwa ta farka ta sauke ƙafa daga gado ta ji sanyi har idon sawu, ta lalubi inda ta shimfiɗe yara a ƙasa.

Ko a ɗauki mai gadin jinga shi kaɗai, ƙarfe biyun dare, abokan aikinsa sun tafi ɗebo buhuna, cajin tocilarsa ya kusa ƙarewa. Sai ya ji sallama daga ɓangaren da babu komai sai ruwa, da muryar ƙanensa da ya baro a gida yana barci. An san hukuncin amsa sallama. Marubucin da ya iso nan ba ya bukatar ya faɗi abin da ke cikin ruwan, aikinsa kawai ya nuna ko mutumin ya amsa.